Ɗan Majemi a Tagar Abbasiya

A kwanana na goma sha ɗaya a birnin Alƙahira wani ma'aikaci ya tambaye ni sunan mahaifina. Na san amsar tun ina rarrafe, amma sai da na yi kwana ashirin kafin in ba shi ita yadda zai karɓa.

A unguwar Abbasiya ne, a ofishin da ake yi wa ɗalibai baƙi rajista. Taga ce ƙarama mai sandunan ƙarfe, a bayanta wani mutum mai furfura a gashin baki, da kofin shayi a gefen hatiminsa. Na tura masa fasfo da takardar gurbin karatu da shaidar gama sakandare. Ya jera biyu gefe da gefe, ya ɗora yatsa a kan kowace.

"Nan Habibu Idris. Nan kuma Habibu Shirinya. Wanne ne babanka, Idris ko Shirinya?"

Na gyara murya na fara bayani da Larabcin littafi, irin wanda muka koyo a gida, mai wasali har ƙarshen kalma. Ban kai aya ba wani a bayana ya ce, "Sadaƙallahul azim," layin ya kwashe da dariya. Haka Misirawa kan yi wa wanda ya yi musu magana kamar mai tilawa.

Na ce, "Shirinya gari ne."

"Garin ne ya haife ka?"

"A garin aka haife ni."

"Ni ma a gari aka haife ni, ɗana, amma sunan babana Abdulhamid."

Bai yi fushi ba. Ya ɗauko farar takarda ya ja layi huɗu. A Masar, in ji shi, mutum ba ya cika sai da suna huɗu: nasa, na ubansa, na kakansa, da na uban kakansa. Takarduna sun nuna mutum biyu, gurbin karatu kuwa na mutum ɗaya ne. In kawo shaidar da za ta mayar da su ɗaya, da sunaye huɗun nan, kafin a rufe rajista nan da kwana ashirin. Wanda bai yi rajista ba ba shi da izinin zama, wanda ba shi da izinin zama kuwa jirgin da ya kawo shi ne zai mayar da shi.

"Ma'alesh, yi haƙuri," in ji shi, ya turo mini takarduna. "Na gaba."

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane yadda na zama mutum biyu.

A ƙasarmu ba baƙon abu ba ne ɗan makaranta ya ɗauki sunan garinsu. Aji ɗaya sai a sami Sani Musa uku, malami ya raba su da garuruwansu, sunan ya bi su har kabari. Ni ba haka tawa ta kasance ba, domin ni kaɗai ne Habibu Idi a ajinmu. Mahaifina, Malam Idi, majemi ne. Gidanmu ne na ƙarshe a gabashin Shirinya, inda iska ke kwashe warin ta yi daji da shi. A tsakar gida akwai kwatarniyoyi shida na jiƙa fata, na toka daban, na kashin tantabara daban, na bagaruwa daban. Da na shiga makarantar kwana, a makon farko wani yaro ɗan garinmu ya gaya wa 'yan ɗakinmu sana'ar gidanmu. Daga ranar, in na shigo sai a toshe hanci. Sabulu uku na ƙarar a zango ɗaya, ba su fasa ba. Da aka zo rajistar jarrabawar fita, aka ce kowa ya rubuta sunan da yake so ya fito a takardarsa, na rubuta Habibu Shirinya. Fasfo kuwa daga baya aka yi shi, da takardar haihuwa, wadda ba ta san an yi wannan canji ba.

Baba ba ya karatun boko. Ranar da na kawo takardar ya karɓa da gefen rigarsa don kada hannunsa ya ɓata ta, ya sa mini albarka. Ban gaya masa abin da ke ciki ba.

A unguwar Faisal na sauka, can ɓangaren Giza, a hawa na shida na wani bene da ba shi da lif. Mu biyar ne a ɗaki biyu, duk 'yan Arewa. Ta taga ba a ganin komai sai bangon wani benen da shanyar mutanen da ba mu sani ba. Da safe wake da gurasa, da rana gurasa da wake. Ban taɓa tsammanin zan yi kewar miyar kuka ba, ni da nake tura kwanonta gefe a gida, sai ga shi ina tsayawa a bakin shagon kayan yaji ina shinshina ko zan ji wani abu mai kama da daddawa. Abin da na zo da shi daga gida wanda ba tufafi ba guda ɗaya ne: buzun rago fari tas, wanda Baba ya jeme da kansa, ya ce an gaya masa sanyin Masar daga ƙasa yake tasowa.

'Yan ɗakinmu ne suka haɗa ni da Sabo Tamam. Shekararsa goma sha biyu a Alƙahira yana ɗalibi, ba wanda ya san ajinsa. Ana ce masa Tamam domin ba ya jin wata matsala bai ce "tamam" ba, wato babu damuwa. Ya zo da jallabiya mai guga da turare mai ƙarfi, ya duba takarduna da ido ɗaya.

"Wannan ce ta hana ka barci? Haba ɗan ƙanena. Kai ne na farko da gari ya haifa? Akwai wani ɗan Katsina a nan, a takarda kakansa tashar mota ce."

Aka yi dariya, har da ni.

"Ga yadda ake yi. Za ka rubuta takardar rantsuwa cewa sunanka Habibu, babanka Idris, kakanka Shirinya. Na huɗun ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi, Muhammadu ba ya ƙarewa. Mutum biyu su sa hannu. Ka ga fasfo ya sami nasa, satifiket ya sami nasa. Halas, shi ke nan."

"Kakana Garba ne."

"Yana raye?"

"Ya rasu."

"To, Allah Ya jiƙansa, ba zai kai ƙara ba."

Idonsa ya sauka a kan buzun da ke shimfiɗe a kusurwa. Ya shafa shi, ya juya bayansa, ya ce akwai wani babba a ofishin da ke son kayan Sudan, haka suke kiran duk abin da ya fito daga wajenmu. In aka kai masa wannan, takardata ba za ta kwana a tebur ba. Na naɗe buzun na miƙa masa.

Kwana goma na yi ina bin Sabo. Kullum "bukura", wato gobe. Goben Masar kuwa doguwa ce. Yau babban ya tafi ta'aziyya, gobe yana taro, jibi Juma'a ce. A rana ta goma ya ce in je in sa a rubuta takardar rantsuwar tukuna, sauran aikin nasa ne. Ya kwatanta mini wani shagon shayi a bayan ofishin Abbasiya, inda marubuta takardun koke suke zama.

A nan na gamu da Ustaz Milad. Tsoho ne siriri mai kwat ruwan toka da ta ga shekaru, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa irin na Kibɗawa, Kiristocin Masar. Ya yi shekaru yana koyar da Turanci a makarantar sakandare, da ya yi ritaya ya kafa tebur a shagon yana rubuta wa mutane takardu. Kujerarsa ta katako ce, ya shimfiɗa mata tsohuwar jarida saboda ciwon baya. Da ya ji daga Nijeriya nake sai fuskarsa ta washe, ya juya zuwa Turanci, kamar wanda ya daɗe da ƙishirwa aka miƙo masa moɗa.

Ya sa aka kawo mini shayi. Ya buɗe alƙalami ke nan sai hayaniya ta tashi daga talabijin ɗin da ke maƙale a bango. Majalisar Birtaniya ake nunawa, wani ɗan siyasa na tsaye yana magana, 'yan adawa suna yi masa ihu. Ba zan kama sunansa ba. Aikin rediyon da na yi daga baya ya koya mini kada in jefa mutum cikin labarin da ba nasa ba. Sunan dai ya fito a ƙasan allo, Ustaz Milad ya nuna shi da bakin alƙalami.

"Ka san ma'anar wannan suna?"

"Suna ne kawai, Ustaz."

"Babu suna kawai. Tsohuwar kalma ce ta Turanci, ma'anarta mai jeme fata. Dabbag, a yarenmu."

Malamin da ke cikinsa ya farka, ya manta da takardata. Ya ce Turawan Ingila da yawa sunayen danginsu sana'o'in kakanni ne: maƙeri, masaƙi, mai gasa burodi, mai ɗinki. Wani kakan wannan mutum ya tsaya a cikin ramin jima har gwiwa, maƙwabta suka kira shi da aikinsa, sunan ya zauna. Aikin ya bar gidan tun tuni, sunan bai bari ba. Ɗa ya gada, jika ya gada, matar da aka auro ta ɗauka.

"Kuma ka lura da yadda suke amfani da shi. Jarida ba ta ce masa mai girma wane ɗan wane. Sunan dangin nan kaɗai take rubutawa, tsirara, kowa ya san da wa ake. In ya daɗe a siyasa za su liƙa wa sunan wutsiya, ya zama sunan aƙidarsa, su liƙa masa wata, ya zama sunan mabiyansa. Ka ga mutane masu digiri suna faɗa a kan tattalin arziki, wannan yana cewa ni ɗan ɗariƙar majemi ne, wancan yana cewa Allah Ya kiyaye, kuma babu wanda ya ji wari."

Na yi dariya. Ba irin dariyar da ya zata ba ce, kuma ya gane.

"Me ya ba ka dariya?"

"Ba komai. A garinmu ba za a zaɓi majemi ko mai unguwa ba."

"A nan ma ba a rububin ba su aure. Babanka me yake yi?"

"Harkar fata."

"Saye da sayarwa?"

Na dubi kofin shayina. Akwai ganyen na'ana'a guda yana yawo a sama. Na ce, "Jima."

Rabon da kalmar nan ta fito daga bakina a gaban baƙo tun ina aji ɗaya. Ustaz Milad ya jawo takardar ya ce in faɗi sunayen. Na faɗa masa yadda Sabo ya tsara, na kuma faɗa masa gaskiyar, don ban iya ɓoye abu biyu a zama ɗaya ba.

Ya rufe alƙalamin. "Alƙalamina na haya ne, abin da ka ce shi zan rubuta. Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, na ga irin wannan ta wuce. Rantsuwar dai taka ce. Abin da nake so ka sani, a ƙasar nan sunan da ya shiga rajista ba ya fita. Shi zai hau digirinka, shi ɗanka zai ɗauka in an haife shi a nan. Kakanka zai zama gari ke nan."

"Ɗaya hanyar fa?"

"Babanka ya je kotu a can, ya rantse cewa Habibun nan biyu ɗansa ne guda, ya faɗi sunan ubansa da na kakansa. A kawo takardar ta asali, ofishin jakadancinku ya tabbatar. Kwana nawa ya rage?"

"Goma."

Ya ɗaga gira. "Da wuya. Ba na ce ba zai yiwu ba." Ya tura mini farar takardar. "Ina nan gobe, ina nan jibi. In kana son ka yi tunani, hau bas ɗin da ke bi ta katangar Magaral Uyun. Ba sai ka tambayi inda za ka sauka ba."

Na hau. Wajen la'asar bas ya biyo gefen wata tsohuwar katanga mai bakuna kamar gada, sai na ga fasinjoji suna rufe tagogi, mata suna jan mayafi zuwa hanci. Ni kuwa sai na ji ƙirjina ya buɗe. Warin gidanmu ne, bai ragu ba bai ƙaru ba: jiƙaƙƙiyar fata, toka, da ɗacin nan da ke tsayawa a maƙogwaro. A lokacin majemar Alƙahira a nan take, an ce yanzu an mayar da ita bayan gari. Na sauka na bi lungu, ruwa mai launi yana gudu a ƙasa, fatu a shanye a kan rufin gidaje. A wata ƙofa wani dattijo ya kifa fata a kan gungume yana kankare ta. Na tsaya ina kallon hannunsa. Baƙi ne har wuyan hannu, farcen ya yi kauri ya tsage. Ya ɗago ya ce me nake nema. Na rasa Larabcin da zan faɗa, na littafi da na titi. Na miƙa hannu ya ba ni ƙarfen, irin wanda muke kira kartaji, na ja shi sau uku yadda aka koya mini, daga wuya zuwa wutsiya, ba tare da na huda ba. Ya yi murmushi ya ce wa na kusa da shi, "Ɗan gida ne." Ya matsa mini a kan benci. Ban daɗe ba, amma a bencin nan na gama shawara.

Baba ba shi da waya a lokacin, sai ta maƙwabcinmu mai shago. Washegari da hantsi na kira, aka kai gida, Inna ce ta karɓa. Bayan ta gama tambayar ko ina cin abinci, ko akwai sauro, ko gaskiya ne Fir'auna yana nan a ajiye, na ce ina son sunan kakan Baba.

"Wa?"

"Uban Malam Garba."

"Kai, ɗan nan! Ni zan kama sunan surukaina? A waya, duniya tana ji? Masar ɗin ce ta koya maka haka? Ga shi nan ya fito, ka tambaye shi da bakinka."

Na ji ƙarar ruwa, yana wanke hannu kafin ya taɓa wayar mutane.

"Habibu."

"Na'am, Baba. Kun wuni lafiya?"

Muka gaisa. Na ce hukumar makaranta na son sunayen kakanni.

"To, rubuta. Ni Idrisu. Ubana Abubakar, shi ne Garba. Ubansa Usmanu, ana ce masa Manu Baƙin Hannu. Kana son na gaba? Akwai biyu da na sani."

"Sun isa, Baba." "Akwai wata magana kuma. Takardar nan tawa ta sakandare…"

"Wadda aka rubuta Shirinya?"

Mota ta wuce a titin Faisal tana ta hon. Na toshe ɗaya kunnen, ko da yake na ji shi sarai.

"Ranar da ka kawo ta," in ji shi, "da ka fita, na kai wa hedimastan firamare. Na ce ya nuna mini inda sunana yake in taɓa wurin. Ya duba gaba, ya duba baya."

"Ba ku ce komai ba."

"Me zan ce? Gari ai ya fi ni girma. Kuma shi ba ya wari."

Ba da ɗaci ya faɗa ba, da muryar da yake faɗin farashin fata ya faɗa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi ƙoƙarin ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Kuɗin wayarka na tafiya. Me ake so in yi?"

Na yi masa bayanin kotu da rantsuwa da kwanakin da suka rage.

"Yau akwai fatu a ruwa, in na bar su za su lalace. Gobe da asuba zan tafi."

Kotun tana hedikwatar ƙaramar hukuma, tafiyar rabin yini a motar kasuwa. Daga baya na ji sau biyu ya je, domin ranar farko alƙali bai zauna ba, kuma fatun da ya bari a karo na biyu sun lalace ɗin. Bai taɓa gaya mini ba, Inna ce ta faɗa.

A cikin kwanakin jiran na je Ardul Liwa neman Sabo. Unguwa ce mai cunkoso, lunguna kamar hanjin kaza, kowane irin baƙin mutum na Afirka yana ciki. Na hau benensa ban yi sallama da ƙarfi ba. Yana zaune a tsakar ɗaki yana cin wake da gurasa, a kan buzuna.

Bai ko ƙware ba. "A'a, ɗan ƙanena! Bismilla. Ai babban ya ce yana da irinsa, na ce bari in riƙe maka kada asu ya ci."

"Na gode. Tashi."

"Yanzu da ka bi tawa da ka gama. Za ka koma gida da satifiket ɗin wani, fasfon wani, ka ce Sabo bai gaya maka ba."

"Tashi, Yaya Sabo."

Ya tashi. Akwai ɗigon mai a gefe ɗaya, har yau ina jin haushinsa. Amma maganarsa ta biyo ni har gida, domin kwana huɗu suka rage kuma takarda ba ta baro Kano ba.

Wata Hajiya mai fataucin abaya ce ta kawo ta, wadda ban taɓa gani ba, ƙanwar matar wani abokin yayana. Ta sauka ana gobe za a rufe rajista. Na same ta a masaukinta, ta zaro ambulan daga cikin jakar hannunta, tare da ƙullin kuka da daddawa da Inna ta haɗo. Ta ce, "Kai ne ɗan Malam Idi? Har filin jirgi ya zo da kansa. Ya ce kada in sa ta a akwati." Daga nan na ruga ofishin jakadancinmu, na isa ana shirin tashi. Wata ma'aikaciya, Madam Saratu, mai Hausar Jos, ta riga ta rataya jaka. Ta dubi fuskata, ta dubi agogo, ta ajiye jakar ta sake kunna na'ura. "Ku 'yan Arewa da sunan gari," in ji ta tana bugawa. "Wata rana wani zai zo mini da sunan kogi."

Ranar ƙarshe tun kafin a buɗe ofis ina bakin ƙofa. Mai furfurar gashin bakin yana nan, da kofin shayinsa. Ya karanta wasiƙar jakadanci, ya juya zuwa takardar kotu. A ƙasanta, inda mai rantsuwa ke dangwala yatsa, akwai tabo uku. Biyu an soke su da biro, na ukun an kewaye shi. Ya matso da ita kusa da tabarau.

"Wannan ba yatsa ba ne, ɗigon tawada ne. Ina zanen?"

Na duba. Gaskiyarsa, babu layi ko ɗaya, sumul kamar an dangwala da ƙwai. Na san dalili, don na sha ganin yatsan nan yana murza goro. Layin da ke bayana ya yi tsawo, akwai 'yan ƙasarmu a ciki, har da biyu daga ɗakinmu. Wannan karon ban nemi Larabcin littafi ba.

"Toka da bagaruwa sun cinye zanen. Shekara arba'in yana aikin. Babana majemi ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya sake duban tabon. Sannan ya jawo babban littafin rajista, ya ce, "Allah Ya ƙara masa lafiya," ya fara rubutu a hankali yana faɗa a fili: Habib, Idris, Abubakar, Usman. Ya ɗaga hatimi, sai ya tsaya.

"Shi kuma Shirinya, ina za mu kai shi?"

"Akwai gurbin wurin haihuwa."

Ya rubuta shi a can, ya buga hatimin.

Na zagaya shagon shayi. Ustaz Milad yana rubuta wa wata mata koke, ya ɗago ido kawai, na ɗaga masa takardar. Da matar ta tafi na cire jaridar da ke kan kujerarsa na shimfiɗa buzun. Ya ƙi, na nace. Ya shafa shi da tafin hannu, ya juya bayan ya duba aikin kamar mai saye, ya ce, "Wannan mutum ya san abin da yake yi." Shekara shida na yi a Alƙahira, duk lokacin da na bi ta Abbasiya yana zaune a kai. A zuwana na baya-bayan nan na tarar shagon ya koma wurin sayar da wayoyi, kuma ba wanda ya san inda tsohon ya tafi.

A shekarata ta uku na fara aikin fassara a wani sashen Hausa na rediyo, daga nan aikin ya zama sana'ata. Sunan ɗan siyasar nan ya sha faɗowa a cikin labaran da nake karantawa, kuma ban taɓa furta shi ba tare da na ga ramin jima a bayan kwat ɗinsa ba. Ranar da aka fara ba ni makirufo, shugaban sashe ya tambayi sunan da zan riƙa rufe shiri da shi. Na ce Habibu Idi Majemi. Ya ce in sake tunani, masu sauraro suna da tsokana. Na ce na riga na yi tunanin, tun a kan bencin dattijon nan majemi.

An gaya mini a shagon maƙwabcinmu aka kunna rediyon, rabin unguwa ta taru, Baba yana tsaye daga baya da hannuwansa a ɓoye cikin riga. Da aka zo ƙarshe na faɗi sunan, mutane suka juya suna kallonsa. Shi kuwa ya koma wurin fatunsa. Sai bayan mako guda saƙonsa ya iso ta bakin Inna, kuma shi ne kaɗai sharhin da ya taɓa yi a kan aikina har Allah Ya karɓi ransa.

"Ya ce a gaya maka ya ji. Ya ce amma ka daina jan sunan haka, ba sarauta ba ce."